Shekarar da Albasarmu Ta Ruɓe a Rudu

Tun ina ƙarama aka san ni da gardama, ba na ma ɓoyewa. A gidanmu na Aliero, in aka ce tuwon yau ya yi laushi, sai na tambayi wa ya auna. Da na je kwalejin horar da malamai kuwa abin ya ƙara lalacewa, don a can wani malami ya koya mana yadda ake gane gurguwar hujja: wadda ke barin magana ta koma sukar mai maganar, da wadda ke cewa tunda kowa ya faɗa to gaskiya ce, da sauran 'yan'uwansu. Wallahi kamar an ba mahaukaci sanda. Na dawo ina kama mutane da laifi a kasuwa, a gidan biki, har a gidan gaisuwa. Yanzu ina koyarwa a Jega, muna zaune a Sabon Gari, kuma maigidana ya daɗe da sallama mini. In na ɗauko zance sai ya ce, "Malama, kin ci, ba ni abincina."

Amma akwai shekarar da ilimin nan nawa ya kusa jawo mana asarar mutumin da ba mu da kamarsa.

Baffa muke ce masa, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. Bafulatani ne na wajen Mungadi, dogo, siriri, abokin Baba tun kafin a haife ni. Kowace kaka, da an yanke gero, sai ya koro shanunsa zuwa gonar Baba ta tudu. Su ci kara, su kwana a wurin wata biyu ko uku, su bar taki. Takin nan ake kwasa da jakuna a kai fadama, inda muke noman albasa. Ba rubutu, ba shaida. Matarsa ta aiko wa Inna nono da man shanu, Inna ta mayar da ƙwarya cike da gero, shi ke nan. Shi da Baba kuwa ba su da aiki sai tsokanar juna. Baba ya ce Fulani ba su san daɗin tuwo ba, Baffa ya ce mutanen Aliero ko turare suka shafa albasa suke wari. Ni kuma "mai baki" yake ce mini, kuma shi kaɗai na yarda ya kira ni haka. Ranar da Baba ya rasu, kafin a gama haƙa kabari Baffa ya iso, ban san wa ya gaya masa ba. Kwana bakwai ya yi a zauren gidanmu, ba ya cewa komai sai jan carbi. Da kaka ta zo kuma ya koro shanunsa kamar kullum.

Yayana, ɗan farin Inna, shi ya karɓi gona. Mutum ne mai aiki kamar ba ya gajiya, ga shi da zuciya, ga rashin son a ga gazawarsa. Albasar da ya noma a ranin farko bayan Baba, kai, ban taɓa ganin irinta ba. Manya-manya, kowace ta cika tafin hannu. Mutane suka riƙa tsayawa a bakin fadama suna sa albarka. Ya zuba ta a rudu uku, wato rumbunan kara da muke ɗagawa sama da ƙasa mu rufa da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, a jira damina lokacin da albasa ke daraja.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba wari ya tashi. Da aka buɗe, ruwa ne baƙi ke ɗiga ta ƙasan karan. Rudu uku, abin da aka tsinta mai kyau bai cika amalanke ɗaya ba. Na je na samu Yaya tsaye a wurin da kwando a hannu, ya rasa ta inda zai fara. Na ji tausayinsa har cikin raina.

Damina ta wuce, gero ya nuna. Ana saura 'yan kwanaki a fara yanka sai matar Yaya ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Yaya ya rantse shanun Baffa ba za su sake taka gonarmu ba, wai takinsu ne ya ruɓar da albasa. Ban ko canja zane ba. Na ja mayafi, na nufi tasha, tun a mota nake jera abin da zan faɗa masa.

Na iso bayan la'asar. Inna na zaune a tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Yaya na kan turmi yana gyaran igiya. Bari in faɗa wa wanda bai sani ba: Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta kallon idonsa, ba ta doguwar magana da shi. Kunyar ɗan fari ce, irin ta matan da. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa bango, "A gaya ma wancan tuwo na hucewa." Ya kusa shekara arba'in a lokacin, amma ba a taɓa jin ta yi masa faɗa baki da baki ba.

Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Yaya, mi nika ji haka?"

Ya ce abin da na ji shi ne. Ya fara lissafa mini. Saniya ɗaya ta mutu a gonar a kakar bara, kowa ya gani. Aka kwashi takin aka kai fadama, albasa ta ruɓe. "Mi kike so in ƙara miki?" Ya ce in je kasuwar albasa in tambaya, babu wanda bai san cewa takin shanu masu ciwo ne ya jawo ba. Ya ce ai Fulani duk haka suke, ko bara wani ya sa shanu a gonar wani mutumin Sarandosa. Ya ce abu biyu ne, ko a sallami Baffa ko mu sake kwana da yunwa, in zaɓa.

Haba! Kamar ya shimfiɗa mini tabarma. Na ce don abu ya zo bayan wani abu ba shi ke nuna wancan ne ya haife shi ba. Na ce yawan masu faɗa ba hujja ba ne. Na ce ya yi wa Fulanin duniya kuɗin goro saboda mutum ɗaya da bai ma san sunansa ba. Ina yi ina lanƙwasa yatsu, muryata na hawa, har kaji suka watse.

Ya ce, "Ke da ba ki taɓa riƙa kalme kin yi noma ba, mi kinka sani ga albasa?"

Na ce, "Ka gani? Ka bar magana ka koma kaina!" Daɗi ya kama ni, na ga na kama shi dumu-dumu. Sai na zarce. Na ce shekara talatin Baba yana zuba takin nan, shi wa ye da zai canja? Kuma na ce, Allah ya yafe mini, "Ina za ka gane, kai da ko firamare ba ka ƙare ba?"

Yaya ya bar makaranta ne don ya taya Baba noma, da kuɗin albasarsu aka kai ni kwaleji. Na san haka sarai lokacin da nake faɗa. Ya dube ni, ya mayar da kai kan igiyarsa. Ya ce, "To, mai ilimi. Na dai rantse."

Sai Inna ta ajiye faifai. Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ke malama," ta ce, "takardar taki ta shiga rudu ta ga abin da ya faru?"

Na ce a'a.

"To aje ta. Kin ce ya bar magana ya koma kanki, ke kuma kinka koma kan makarantarshi. Wace ta fi wata?" Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Kuma ki bar ce min shekara talatin. Shekara talatin ubanku na zuba gero ga rumbun da ke yoyo, yana cewa na ubanshi na. Daɗewa ba ta hana shi yoyo ba."

Ni da na zo da shirin yaƙi, ga ni an zaunar da ni a gaban kaji. Na ji haushi ƙwarai, don na san ta fi ni gaskiya.

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta, tana magana kamar da shinkafar take. "Ni ban yi boko ba, tambaya nika yi. Maƙwabcinmu na fadama, mai gonar gabas, tashi albasar ta ruɓe ko ba ta ruɓe ba?"

Na ce na ji an ce ta ruɓe.

"Shanun wa sunka kwana gonarshi?"

Ban sani ba. Daga kan turmi aka ce, a hankali, "Ba ya sa takin shanu. Na buhu yaka sawa, na zamani."

"Af," in ji Inna, har yanzu ni take kallo. "Tashi ki shiga madafa, ki ɗauko min albasa guda cikin kwandon da ke rataye."

Na ɗauko. Ƙarama ce, ja, ɓawonta a bushe yana ƙara. Inna na da 'yan fangalin shuka huɗu a gefen fadamar, Baba ya yanka mata tun tana amarya, ita ke sa a noma mata na miya. Ta matsa albasar da babban yatsa, ta miƙo mini. Tauri kamar dutse.

"Wagga da wane taki anka noma ta?"

Na ce na Baffa.

"Tuli guda anka kwasa, jaki guda ya kai. Tawa ga ta, muna ci har yau. In takin na da ciwo, ya san tawa ya ƙyale?"

Daga nan ta koma kan saniyar. Ta tambaye ni ko na san mahaucin da aka kira ya feɗe ta. Na san shi, ɗan unguwarmu ne. Ta ce matarsa ta gaya mata abin da aka tarar a tumbin: leda, dunƙule guda kamar kan mutum. Saniya ta ci leda ta mutu, ina ruwan albasa?

"Sai kasuwa," ta ce. "An ce kowa na faɗi. Kowa daga bakin wa ya ji? Ai magana ba ta tsira da kanta kamar ciyawa. Wa ya fara kai ta can?"

Na juya na dubi Yaya, sai na gane. Shi ya faɗa, ranar da ya kai 'yar ragowar albasar, ana ta tambayarsa abin da ya faru. Ya faɗa don ya samu abin cewa. Maganar ta zaga rumfuna, ta yi wata da watanni, ta dawo kunnensa daga bakin mutum goma, shi kuma ya karɓe ta a matsayin shaida.

Inna ta bushe ƙaiƙayi daga faifai. "Abu guda ya rage min. Taki na bara shi na na bana. Fadama ita ta. Iri shi na. To mi anka yi bana wanda ba a saba yi ba? Ni ban sani ba, ba ni zuwa gona. A tambayi masu zuwa."

Ta san amsar, na rantse ta sani. Amma ba za ta tsiraita ɗanta na fari da bakinta ba, ko a gabana.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya yi magana, ƙasar yake gaya wa. Ya ce ya ƙara takin buhu sau biyu bayan albasa ta fara kai, lokacin da Baba kan daina. Ya ce bai yanke ruwa da wuri ba, ya ci gaba da ban ruwa har kusan ranar cira, don ta ƙara girma. Ya ce ganyen bai gama kwanciya ba ya sa aka yanke, wuyanta ɗanye, kuma bai bar ta ta sha iska sosai ba aka zuba a rudu. Maƙwabcin ma a wurinsa ya ga dabarar.

"So nike a ce gonar ba ta mutu da shi ba," ya ce.

Nan fushina ya zube gaba ɗaya. Inna ta sunkuyar da kai kan faifai, ta daɗe tana tsintar wuri ɗaya.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce akwai saura. Kwana goma sha biyar da suka wuce ya riga ya aika wa Baffa, ta bakin wani dillali a kasuwar shanun Jega. Ya ce a gaya masa kada ya zo bana, kuma a gaya masa dalili.

"Inna lillahi," in ji Inna. Ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta ce wa dalbejiya, "A gaya ma wancan, hanyar Mungadi ba ta ɓace ba."

Washegari da hantsi Yaya ya ɗauke ni a babur. Muka ratsa Jega, muka miƙi hanyar Maiyama, gero tsaye dama da hagu ya sunkuyar da kai. A hanya na yi ta juya yadda zan ba shi haƙuri. Da na samu na faɗa, iska ta kwashe rabi. Ya ce, "Mi?" Na ɗaga murya na ce maganar makarantar nan, ban kyauta ba. Da muka wuce wata gada sai ya ce, "Riƙe da kyau, akwai rami gaba." Na san ya haƙura.

Na shirya wa fushin Baffa. Na tanadi kalamai masu taushi, har na tsara wanda zan fara da shi. Da muka isa rugar, muka same shi zaune a inuwar bukka, shanun can nesa da shi. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Da ya gan mu ya yi zumbur ya miƙe, ya rasa inda zai sa mu, ya shimfiɗa buzunsa na salla ya ce mu zauna a kai. Matarsa ta kawo fura da nono. Babu fushi ko kaɗan a fuskarsa, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Kafin mu ce komai ya riga mu. "Da kun bari ni in zo. Ni ya kamata in taka in ba innarku haƙuri, kunya ta hana ni." Ya ce tun da saƙon ya iso bai samu sukuni ba. Abokinsa ya mutu ya bar masa amanar 'ya'ya, shi kuma ya koro shanu masu ciwo ya kashe musu noman shekara. Ya ce ya yanke shawara bana zai yi kudu da su, nesa, inda ba zai cuci kowa ba.

Ashe ya yarda. Ko kusa bai yi tunanin an zalunce shi ba.

Na ce, "Baffa, ba haka ba ne!" Na kwararo masa duka: maƙwabci, albasar Inna, ledar da ke tumbin saniya, yadda maganar ta zaga kasuwa. Wallahi ban taɓa jera hujja da kyau kamar ranar ba, ko a aji. Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi.

"Mai baki," ya ce, "Allah shi yi miki albarka. Tausayina kike ji. Amma saniya ta mutu, albasa ta ruɓe, da idona na ga guda, da kunnena na ji guda. Kuma ɗan abokina ya aiko. Yaron ga ba ya ƙarya, a hannuna ya girma."

Na sake ɗaukowa daga farko. Ya girgiza kai. Na ji kamar in yi ihu. Duk abin da na iya ya ƙare, tsohon nan yana zaune yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma zai tafi da shi kudu.

Ya juya wajen Yaya. "To in ba shanuna ba, wa ya ruɓar da ita? Abu ba ya ruɓa haka nan."

Yaya ya ajiye ludayin furar. Ya sauka daga kan buzun, ya durƙusa a ƙasa, mutum mai mata da 'ya'ya huɗu.

"Ni na, Baffa."

Ya faɗa masa duka, bai rage ba. Takin buhu, ban ruwa, ɗanyen wuya. Ya ce ya san hakan tun ranar da ya buɗe rudu, amma ya kasa ɗauka, sai ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma ya zaɓi wanda ya san ba zai yi musu ba.

Sai Baffa ya tambaya, "Ba shanuna ba?"

"Ba su ba."

"Ka tabbata? Kada ka ɗauka don ni."

"Na rantse, Baffa. Ba su ba."

Tsohon ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka yi ta motsi. Ni ma na kasa riƙewa, na yi ta sharɓe da mayafi kamar yarinya. Da ya buɗe fuska sai ya miƙa hannu ya kama kunnen Yaya ya murɗa, da gaske, har Yaya ya ce wash.

"Ja'iri," ya ce. "Kwana goma sha biyar ban iya kallon dabbobin ga ba."

Ya tashi, ya ɗauki sandarsa, ya bar mu zaune da furarmu. Muna kallo ya nufi garken da sauri, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, suna ɗago kai suna tahowa. Ya tsaya a tsakiyarsu yana shafa wuyan wannan, yana dafa ƙahon waccan, yana yi musu magana da Fulatanci kamar mai ba da haƙuri. Can ya waiwayo, ya ɗaga murya.

"Yaushe za ku gama yankan geron?"

Yaya ya ce nan da kwana biyar.

"To ka gyara min wurin bukka. Kuma ka ce ma innarku man shanunta na nan, tun wancan mako anka ajiye, an rasa mai kaiwa."